Ranar da Mama Ba Ta Kira Ba

Tun da Auta ya fara tuƙa babbar mota, Mama ta mai da waya abokiyar zamanta. Kafin ya fita gari ta kira, ya hau gada ta kira, in ta ji jiniya a titi ma sai ta kira. Ita kaɗai ce a gidan tun rasuwar mijinta, wanda ya fita aiki wata safiya aka dawo mata da gawarsa. Ranar ba ta kira shi ba, kuma ta riga ta yanke a ranta cewa abin da ya jawo ke nan. Ba mahaluƙin da ya isa ya fitar mata da wannan daga kai.

Ran nan Auta ya zo da bandeji a goshi. Yana laluben waya a aljihu don ya amsa kiranta, motar ta sauka daga kwalta, saura ƙiris ta kife. Bai yi mata faɗa ba, da ya yi ma da ya fi mata sauƙi. Durƙusawa ya yi ya riƙe hannunta.

"Mama, don Allah in ina hanya ki daina kirana. Ki bar ni da Ubangiji."

Da ya warke ya koma hanya, ranar kuwa hadari ya haɗo baƙi ƙirin. Mama ta tafi coci, don ita ke share wurin a tsakiyar mako. Ba kowa, sai bencina da ƙarar ruwa a kan kwano. Ta yi shara, ta sake share inda ta share, wayar tana ƙona mata ƙugu kamar garwashi. Sau nawa ta ciro ta, ta kai yatsa kan sunansa, ta mayar. Tsoro take ji sosai, kuma babu wanda za ta gaya wa.

Can dai ta zauna a bencin baya da tsintsiya a cinya. Ba ta iya doguwar addu'a irin ta matar fasto ba, sai ta gaya wa Yesu gaskiya tsagwaronta. Ta ce ta gaji da gadin yaron nan, ba ta ganin hanya, ba ita ke riƙe da sitiyari ba. Ta ce nasa ne tun kafin ya zama nata, ga shi nan ta mayar masa. Ta sha kuka, sannan ƙirjinta ya saki a hankali, har ta iya jera bencinan tana 'yar waƙarta.

Da yamma tana tsame wanki wayar ta yi ƙara. Auta ne, ya sauke kaya, yana tambaya ko lafiya, wai shirun ya yi yawa har ya tsorata. Mama ta goge hannu a zani.

"Lafiya lau, ɗana. Yau duk yini ban san inda kake ba, kuma ga shi ka isa."