Ƙwaryar Adda a Gindin Kuka

Najmuddeen taubashina ne, ɗan Kawu Hammawa, don haka ba na jin nauyin faɗar gaskiya a kansa: fim ɗin da ya yi bai yi ba. 'Yan watanni ya yi yana koyon kareti a bayan filin ƙwallo a nan Azare, sai ya ɗauka ya gama. Ya tara abokansa, suka ari kyamara, suka dinga zirga-zirga zuwa Katagum suna tsalle-tsalle a bakin kogi. Sunan abin wai Taskar Gindin Kuka. Wasu samari ne ke neman dukiyar da wani ɗan fashi na zamanin da ya binne, ana duka ana barkwanci. Shi a wurinsa ba a taɓa yin irinsa ba.

Da a nan abin ya tsaya da ban damu ba. Matsalar ita ce ƙwaryar Adda.

Adda kakarmu ce, kuma a ɗakinta Najmuddeen ya tashi. Da ta baro rugarsu ta wajen Gadau bayan rasuwar mijinta, ta rabar da ƙoranta duka, ta riƙe guda ɗaya: babbar ƙwaryar nono mai zane, wadda mahaifiyarta ta ba ta ranar da aka kai ta ɗakin miji. Ba a zuba komai a cikinta. Tana kife a kan kabad, sai dai a sauke a goge a mayar. Ni da nake jikarta mace ban isa in ɗauke ta ba. Amma Najmuddeen ya zo ya ce aro yake so, ado kawai za a yi da ita, ta miƙa masa. Shi ne angonta. Kullum sai ta zage shi, ta ce angon banza da bai taɓa saya mata ko ɗankwali ba, shi kuma ya ce ta tsufa, sakinta zai yi. Wannan tsokanar ita ce gaisuwarsu ta safe.

Aka gama ɗaukar fim, ƙwarya ba ta dawo ba. Ya ce mata ta ɗan tsage a baki, tana wurin mai ɗinkin ƙwarya a kasuwa. Ta yarda.

Ni ce na ga gaskiyar a wani yanki na fim ɗin da ke wayarsa, ana jibi za a nuna shi a gida.

Na ce, "Kai, ba ka da hankali ne? Yanke wurin nan."

Ya ce, "Khaulat, ba ki san harkar ba. Duk fim ɗin nan ne ya fi ba da dariya. Adda kuwa yaushe ta taɓa zaman kallo? Ko ta zo, kin san barcinta na bayan azahar."

Na tuna masa an yi mata aikin yanar ido, yanzu allura ma da kanta take sa wa zare. Ya ce in daina yi masa baƙin ciki.

Ranar Asabar bayan azahar aka fito da talabijin ƙarƙashin rumfar tsakar gida, aka ta da janareto. Maƙwabta suka cika gidan. Kawu Hammawa ya zauna a kujerarsa fuska a ɗaure tun ba a fara ba. Sai ga Adda ta fito da tabarmarta, ta ci ado har da kwalli, ta shimfiɗa a sahun gaba.

"Ku matsa min in ga angon banza," in ji ta.

Najmuddeen ya yi dariyar yaƙe. Ni dai na kalle shi na kau da kai.

Tun farkon fim aka fara tsaki. An ce zamanin da ne, zamanin kibiya da takobi, sai ga ɗan acaɓa ya wuce ta bayansu ɗauke da buhun albasa. Aka zo faɗan farko, Najmuddeen ya ɗaga ƙafa, abokin faɗan ya faɗi tun ƙafar ba ta iso shi ba.

Kawu ya ce, "Wannan iskar ƙafar ce ta ka da shi?"

Ya ci gaba da cewa shi da ya yi kiwo, sanda ɗaya ta ishe shi ya kwantar da su gaba ɗaya, har da mai ɗaukar hoton. Da suka ratsa gonar wake a guje kuwa, sai da ya miƙe zaune sosai ya tambayi gonar wace ce, kuma an nemi izini ko ba a nema ba.

Inna Larai maƙwabciyarmu ta yi haƙuri har zuwa wurin da aka yi jifa da malmalar tuwo. Nan ta tafa hannu.

"Wa'iyazubillahi! Abinci? A wannan tsadar? Kai Najmuddeen, uban wa ya koya muku wannan?"

"Inna, barkwanci ne."

"Barkwancin ya ci ƙaniyarsa. Ni ban ga abin dariya ba."

Gaskiyarta. Babban mugun fim ɗin Bappayo ne mai sayar da kankana a bakin tasha, an liƙa masa gemun auduga, gefe ɗaya ya saki yana lilo. Duk ihun da zai yi sai a ji wata mata cikin 'yan kallo daga baya ta ce bashi ya hana shi barci. Ni kaina kunya ta ishe ni, kamar ni na yi. Amma ba fim ɗin nake kallo ba, Adda nake kallo, ina roƙon Allah ya kawo mata gyangyaɗi. Idonta ƙyar a kan talabijin. Ita kaɗai ce ba ta kushe ba. Duk tsallen da ya yi sai ta ce, "Ji ɗan nema, zai karye."

Aka iso gindin kukar. Samarin suka tona rami, suka fito da taskar. Ƙwaryar ce, cike da tsakuwa da aka naɗe da takardar alewa mai ƙyalli, wai zinare. Na ga Adda ta ɗan ranƙwafo gaba, fuskarta ta washe.

"Ga ta nan," ta faɗa a hankali. "Ashe ta yi kyau a ciki."

Sai Bappayo ya fizge ƙwaryar, zinaren ƙarya ya watse, ya kifa ta a kansa kamar hular kwano ya ruga. Najmuddeen ya bi shi, ya yi wani ihu, ya daka tsalle, ya sare ta da gefen hannu. Ta dare gida-gida. Bappayo ya tsaya da guntu ɗaya a ka, ya juya idanu, ya zube.

Gidan ya kece da dariya. Wurin nan kaɗai ne ya ba mutane dariya tun da aka fara. Inna Larai har da riƙe ciki, tana cewa to yanzu aka yi fim. Wallahi ban taɓa jin ƙyamar dariya irin ta ranar ba. Kawu ne kawai bai yi ba, don ya san ƙwaryar tun yana rarrafe.

Adda ta ɗaga hannu. "Mayar min baya."

Najmuddeen ya tsaya da rimot a hannu kamar an dasa shi. Na karɓe na mayar.

"Tsaya nan."

Na tsayar daidai inda aka fito da ita daga rami, tana nan lafiyarta lau. Dariya ta mutu. Adda ta matsa har gaban gilashin, ta sa yatsa.

"Wannan zanen Innata ce ta yi shi da hannunta. Wannan ɗinkin kuma ni na yi, ranar da Hammawa ya ture ta yana ƙarami." Ta daɗe tana kallo, sannan ta tambaya ba tare da ta juyo ba, "Ina gutsattsarin?"

Ya ce, "A can muka bar su. Bakin kogi."

Ta gyaɗa kai. Inna Larai ta fara salati ƙasa-ƙasa, tana jan mayafi tana neman takalminta. Adda ta miƙe ta naɗe tabarmarta da kanta, na miƙa hannu ta hana ni.

Shi kuma sakaran, maimakon ya durƙusa, sai ya nemi tsira ta hanyar da ya saba.

"Haba amarya, sabuwa zan saya miki. Har biyu. In kin ƙi in sake ki."

Duk muka zuba ido muna jiran zagin. Ni kaina jiransa nake yi, don na san in ta zage shi an wuce wurin. Ta dube shi sama da ƙasa, irin duban da take yi wa baƙon da ya zo wurin Kawu.

"Sannu da aiki, Malam Najmuddeen," in ji ta. "Allah ya ba da kasuwa."

Ta shige ɗaki ta saki labule.

Washegari Najmuddeen ya hau mota zuwa Katagum, ya yini a bakin kogin yana tonon yashi, ya dawo da guntu ɗaya da bai kai tafin hannu ba. Ya yi sallama a ƙofarta ya miƙa. Ta karɓa da hannu biyu, ta yi masa godiya sosai, ta tambaye shi ya hanya, ya mutanen Katagum. Har yau haka take gaishe shi kowace safiya.