Simintin da na shafa wa makarantarmu

Makarantar ƙauyenmu, can yamma da Dosso, ɗaki ɗaya ce ta laka. Aji shida a ciki, malami guda. Ni kaɗai ce mace a cikin sa'o'ina, don haka aka ba ni bakin ƙofa, inda feshin ruwa yake fara sauka. Shekara shida na yi a wurin, ban fasa ko rana ɗaya ba.

Kowace shekara kafin damina, mu ɗalibai muke kwaɓa laka da ƙaiƙayi da kashin shanu mu yi wa bangon yaɓe. Na rantse in na yi ilimi, ƙafata ta gama da wannan ƙazanta.

Da na dawo daga jami'a a Yamai, na tarar an gina sabuwa a bakin hanya, tsohuwar kuma awaki ke kwana ciki. Maigari ya ce a rushe. Na tsaya gaban dattawa na ce sai dai a rushe da ni, ɗakin karatu zan mai da ita.

Na kawo siminti. Kawuna Tinni, tsohon magini, ya leƙo.

"Gambi, laka numfashi take yi. Kika toshe ta da wannan, ta ciki za ta ruɓe."

"Kawu, a wane littafi ka gani?"

"A bangon nan, 'yar boko. Tun uwarki ba ta yi haƙori ba."

Na sa aka shafe ta tas, aka yi fenti, na ɗauki hoto. A watan Agusta ruwa ya bi ta tsaga ya shiga, ya rasa mafita. Simintin ya ɓamɓaro da rabin bangon gabas. Ginin da ya jure damina arba'in, damina ɗaya ya yi a hannuna.

Maigari ya ce in bangon bai tashi ba kafin a gama sussukar gero, zancen ya ƙare. Na tafi gidan Kawu na durƙusa.

"Ina digirin?" in ji shi. "Ɗauko mu tokare bangon da shi."

"Kawu, na tuba."

"To, cire takalmi."

Mako uku ina tattaka kwaɓi, matan ƙauye na wucewa suna gaishe ni da Faransanci don tsiya. Bangon ya tashi saura kwana biyu a gama sussuka.

Yanzu littattafai ne a ciki. Duk watan Mayu kuma, ni nake bin garke da kwando ina tsintar kashin shanu.