Murhun Toktosun Ya Koma Ɗakin Saniya

Shekarar da masu awon ƙasa suka ja sabuwar iyaka tsakanin birni da ƙauyenmu, layin ya ratsa tsakar gidan ƙanena Toktosun. Ɗakin kwana da murhu suka faɗa birni, ɗakin saniya ya tsaya ƙauye. Kwal ɗin da gwamnati ke rabawa don sanyi kuwa na 'yan ƙauye ne kaɗai.

Mai rabon Gulnura ce, ɗiyar maƙwabcinmu. Ta ce masa, "Baba, inda hayaƙi ya fita nan ake sauke kwal. Naka hayaƙin ɗan birni ne."

"Ke da na yi wa huɗuba?"

"Wallahi ba ni na ja layin ba."

Ƙanƙara ta riga ta rufe rabin dutsen da ke bayan ƙauyenmu, ga jikarsa jaririya a gidan. Matarsa Burul ta ce a kira gayya a mayar da murhun ɗakin saniya. Na ce wannan shashanci ne. Amma na zo da cebur, don ba a barin yara da aiki su kaɗai.

Ban taɓa ganin lalacewa irin ta ranar ba. Samari suka rushe murhun, suka jera suna miƙa tubali suna waƙar kai amarya. Burul na guɗa da ludayi a hannu. Toktosun, mai furfura har gira, sai ya tsallaka layin ya dawo yana cewa, "Ku yi mini sannu da hanya, daga birni nake."

"Me ka kawo mana tsaraba?"

"Sanyi."

Na daka musu tsawa, ba wanda ya ji.

Kafin la'asar hayaƙi ya tashi ta rufin ɗakin saniya. Gulnura ta zo ta ɗaga kai, tana cije leɓe, ta ce, "Wannan kam baƙauyen hayaƙi ne. Gobe motar kwal za ta zo."

Toktosun ya kama igiyar saniya zai kai ta tsohon ɗakinsu.

Gulnura ta ce, "Ina za ka kai ta, Baba? An hana kiwo a birni."

Haka suka shigo da shimfiɗunsu, saniya na kallonsu tana tuƙa. Burul ta aza tukunyar shayi, ta jawo gadon jaririyar kusa da wuta, ta nuna saniyar, ta ce wa mijin, "Matsa can, tsoho, kada ka takura wa mai ɗaki."