Ajin Dakta Rautenberg

Akwai garin fulawa a bakin hannun rigar Dakta Rautenberg. Na gani lokacin da ta miƙa hannu za ta buɗe taga, na yi sauri na mayar da idona kan littafi. Kowa a sashen adabi ya san da safe tana sayar da burodi a wani shago, amma ba mai faɗa.

Tun ina sakandare ta gama duk karatun da ake nema kafin a zama farfesa. Littattafanta kan labaran masu haƙar kwal suna laburare. Kujerar farfesan ce ba ta samu ba. Abin da ya rage mata shi ne izinin koyarwa, shi ma da sharaɗi: ta riƙa ɗaukar aji kyauta, kuma a jami'armu aji ba ya zama aji sai da ɗalibai uku. Na zangon baya ya mutu. Idan wannan ya bi shi, izinin ya tafi.

Mu biyu muka yi rajista da gaske, ni da Malte. Na ukun abokin ɗakinsa ne, Hauke, ɗalibin injiniya, wanda yake zuwa don cike adadi, ya yi barci kusa da hita mai ɗumama ɗaki.

"Malam Malte, wannan bawan Allah ya san inda yake kuwa?" ta taɓa tambaya.

"Dakta, miyar dankali nake dafa masa. Shi ya san wannan."

Ran nan Hauke bai zo ba. Malte ya tsaya bakin ƙofa, ko kwat bai cire ba.

"Dakta, na samu aiki a kamfanin inshora a can birnin Hannover."

"Madalla. Albashi suke biya, ko su ma suna kawai suke bayarwa?"

Ya yi dariya, sai ya ga ita ba ta yi ba. Ya ja ƙofar a hankali, ya tafi.

Na ɗaga kai daga littafi. "Dakta, zan iya kawo ƙanwata."

"Malama Tiedemann, bar yarinya ta huta. Buɗe shafin da muka tsaya."

Ta koyar da ni darasin kaf, a tsaye, kamar ɗakin a cike yake. Da ta gama na ƙwanƙwasa tebur da bayan yatsuna, yadda muke gode wa malami. Ƙarar hannu ɗaya ta yi kama da ta baƙo a bakin ƙofa.

Ta goge allo har ƙasa, ta ɗauki jakarta, ta fita.