Kujerar Askin Baba

Wata bakwai Yaya, babbar 'yar Baba, tana jiran wayar nan. Da aka ce ɗaki ya samu a gidan kula da tsofaffi, sai da ta daka tsalle a kicin kamar ba uwar 'ya'ya huɗu ba. Tun ranar da Baba ya faɗi a banɗaki ya yi awa uku ba wanda ya sani, hankalinta bai ƙara kwanciya a wurin aiki ba.

Sharaɗin ɗaya ne: ya zo yau ya amince da bakinsa, ko a ba na gaba a layi. Baba kuwa shekara arba'in ya yi yana juya kawunan mutane a shagon aski, nasa kan ba mai juya shi.

"Gani kawai za mu yi, Baba," in ji ta a mota.

"To. Gani ai ba ci ba ne."

Da suka isa, Yaya ta dinga zuba kamar 'yar talla. Ga ƙarfen riƙewa a banɗaki, ga maɓallin kiran nas, ga taga tana kallon lambu! Baba ya dogara sandarsa ya ce, "Uhm." Yaya ta san uhm ɗin nan, a'a ce ta sa riga.

Suna ratsa falo za su fita, ya tsaya cak bayan wani tsoho mai kallon talabijin.

"Wa ya yi wa bawan Allahn nan wannan aika-aika?"

"Ni ce, Baba," in ji wata nas tana dariya. "Mai askinmu ya daina zuwa."

"'Yata, ki ji tsoron Allah. Aski kika yi ko sassabe? Ina kilifar?"

Yaya ta buɗe baki za ta hana. Ita ce fa ta kulle kayan aikinsa da kujerarsa a sito bara, saboda rawar da hannunsa ke yi. Nas ta ƙifta mata ido, ta miƙa masa injin askin.

Hannun ya yi rawa, ya yi rawa, har ya sauka a ƙeyar tsohon, sai rawar ta tsaya. Kafin a gama kai na farko tsofaffi uku sun ja kujeru, har da gardamar wa ya riga wa. Takardar karɓar ɗakin ma a tsakanin kai na biyu da na uku ya sa mata hannu.

"Gobe a kawo min kujerata. Da madubin, kar a fasa shi."

Daɗi ya cika Yaya, kunya kuma ta kama ta. Ta matso kusa, hawaye na zuba.

"Baba, ka yafe min. Zan tafi."

Bai ɗago ba.

"Na yafe. Matsa can, kina tare min haske."

Rabon da ya ce mata haka tun tana 'yar firamare, a ƙofar shago.