Sakan Goma Sha Ɗaya a Wayar Ofis

A asibitin kowa Mai Kati yake ce masa, har likitoci. Shekara goma sha tara yana zaune a bayan tagar ɗakin kati, yana karɓar suna yana ba da lamba, tun zamanin da ake jibge fayil a kan kanta har zuwa yanzu da komai ya koma cikin kwamfuta. Wata biyu ke nan da rasuwar matarsa. Ya dawo aiki, yana zuwa a kan lokaci, yana amsa gaisuwa, amma in ka tambaye shi me ya ci da safe sai ya tsaya yana kallonka. Baƙin cikin ma ya laluba a ransa bai same shi ba. Ba ya jin komai ne kawai, kamar ƙafar da aka daɗe ana zaune a kanta.

A gida ma haka abin yake. Kicin ɗinsu ba shi da taga, ƙwan fitilarsa kuma ya mutu, bai ma san tun yaushe ba. Sai ya haska da waya ya dafa ruwan shayi, ya sha a tsaye, ya fito.

Wayar kuwa ba tasa ba ce, ta ofis ce. Tasa ta faɗa bokiti shekara biyu da suka wuce, ya ce shi ba ɗan kasuwa ba ne da zai riƙa yawo da waya biyu. Sai ya cusa layinsa a ta ofis, imel ɗin aiki da hotunan jikoki suka zauna ɗaki ɗaya. Injiniya ta yi magana har ta gaji. Ita ce mai kula da kwamfutocin asibitin, gajeriyar mace mai tabarau, ba ta san wasa ba, nas-nas sun laƙa mata suna Kar-a-danna. Duk ranar Litinin sai ta zaga ofis-ofis da wa'azinta: in za ka tashi ko ruwa za ka sha ka kulle kwamfuta, kar a liƙa kalmar sirri a ƙarƙashin tebur, kar kalmar ta zama sunan ɗanka ko na matarka, wayar aiki ta aiki ce. Mai Kati yakan ce, "To, Injiniya, an ji." Ta kunnen dama take shiga ta fita ta hagu. Kalmar sirrinsa sunan matarsa ce da shekarar aurensu, kuma da ita yake buɗe komai.

A cikin wayar nan akwai abu ɗaya da bai taɓa gaya wa kowa ba. Ranar da matar za ta rasu, da ƙarfe goma da minti ashirin na safe, ta turo masa saƙon murya. Layi ya yi tsawo a tagar, ya ga saƙon ya ce bari a rage mutane. Kafin a rage, maƙwabciya ta kira ta ce matarsa ta yanke jiki ta faɗi. Nan asibitin aka kawo ta, shi da hannunsa ya fito da katinta. Saƙon yana nan har yau a ƙarƙashin sunan da ya ajiye lambarta da shi, wato Gida. Sakan goma sha ɗaya ne, bai buɗe ba. Kullum da rana yakan fito da wayar ya kalle shi ya mayar aljihu. A lissafinsa, muddin bai saurara ba, akwai sauran maganar da za ta gaya masa.

Ranar Laraba da azahar saƙo ya shigo daga lambar Auta, ƙanwar matarsa. "Barka da rana, Yallaɓai. Ga wasu hotunan marigayiya da na tsinto, danna nan ka gani." A ƙasa ga shuɗin rubutun nan da ake dannawa.

To, Auta tun tana 'yar firamare ba ta taɓa ce masa Yallaɓai ba. Tsoho mai ran ƙarfe take kiransa, shi kuma ya ce mata uwar kwaɗayi, haka suke ko a gaban baƙi. Ya lura da kalmar, ba wai bai lura ba. Sai dai ya fassara ta da kansa: wadda ta haɗa su wasan ta tafi, wasan ma ya bi ta. Ya ga ai daidai ne. Ya danna. Aka ce sai ya sauke wata 'yar manhaja kafin hotunan su buɗe, ya sauke. Aka nemi imel da kalmar sirri, ya rubuta sunan matarsa da shekarar aurensu. Wani abu ya yi ta juyawa a fuskar wayar, hoto bai fito ba. Ya mayar da ita aljihu ya ce wa na gaban taga, "Suna?"

Washegari da safe ya tarar da Injiniya zaune a kujerarsa. Ya kunna kwamfuta, ta ce kar ya wahalar da kansa, ta rufe masa shiga tun ƙarfe bakwai.

"Baba Mai Kati, jiya ka danna wani abu?"

"Auta ce ta turo hotuna."

"Ba Auta ba ce. Kira ta ka ji, sace mata asusun saƙonninta aka yi, duk wanda ke cikin wayarta an tura masa." Ta cire tabarau ta murza ido. "Da kalmarka suka shiga imel ɗin ɗakin kati. Marasa lafiya sittin da wani abu sun samu saƙo da sunan asibitin nan, wai su danna su ga sakamakon gwajinsu. Akwai wata mata a ofishin shugaba yanzu haka. Saƙon nata da lambar katinta ya zo, da sunan cutar da ko mijinta bai sani ba, kuma a wayar mijin ya sauka."

Da ta faɗi lambar katin ya gane matar, shi ya yankar mata shi. Ya jira ya ji kunya ta kama shi ko tsoro, ba abin da ya zo. Ya ce, "Allah Ya kyauta."

"Amin. Kawo wayar."

Ya miƙa mata. Ta zare layukan biyu, ta kashe duk wata hanyar da wayar ke magana da waje, ta ajiye ta a kan tebur. Ta ce abin da ya sauke yana nan a ciki yana leƙen komai, don haka goge ta za a yi tas, yau ɗin nan, umarnin shugaba ne. Ba za a jona ta da wata kwamfuta ba, ba za a kwashe ko hoto ɗaya ba.

"Akwai saƙo a ciki," in ji shi.

"Kowa akwai saƙo a wayarsa, Baba. Sau nawa na ce ka sayi taka?"

"Na marigayiya ne. Ban saurara ba."

Injiniya ta bar faɗan. Ta jawo wayar ta duba, ta ga sunan, ta ga kwanan watan. A can waje wani yana ƙwanƙwasa gilashin taga da makulli, ba wanda ya kula shi.

"Ya riga ya sauka, zai kunnu," ta ce a hankali. "Ka kunna shi da ƙarfi, in ajiye tawa a gefe ta ɗauki muryar. Ta iska dai cutar wayar ba ta bi. Ba za ka rasa shi ba."

"Ba rasa shi ne damuwata ba, Injiniya. In na ji, ta gama magana ke nan."

Injiniya ta mayar da tabaranta. Ta danna ɗaukar murya a wayarta, ta ajiye kusa da tasa, ta sauke labulen taga a fuskar mai makullin. Ta ce minti goma take da shi, sannan ta fita ta jawo ƙofar.

Ya zauna shi da wayoyi biyu. Fanka tana juyawa, wani fayil yana ɗaga baki yana saukewa. Ya yi tunanin ya bar shi kawai a goge, ya tafi da abin da ke cikinsa, ya zama har abada akwai saura. Ya ga hakan ma ba laifi. Minti shida suka wuce a haka. Sai ya tuna matarsa ba ta son a yi mata shiru, in ta yi magana ba a amsa ba takan ce, "Da bango nake?" Ya sa yatsa ya danna.

Ƙarar famfo ce ta fara fitowa, sannan muryarta, tana ɗan haki kamar mai aiki.

"Malam, ƙwan kicin ya mutu fa. In za ka taho ka sayo. Fari, ba irin jan nan da ka kwaso wancan karon ba. Kar ka zo ka ce min ka manta."

Shi ke nan. Alamar saƙon ta canza launi, ta koma kamar ta sauran.

Da Injiniya ta dawo ta same shi yadda ta bar shi. Ba ta tambaye shi me aka ce ba. Ta tsayar da ɗaukar, ta ɗauki wayar ofis ta danna abin da za ta danna, fuskar ta yi baƙi, wani farin layi ya fara tafiya a hankali. Jikoki, lambobi, Gida, duk suka bi shi.

"Ina zan tura maka muryar?"

"Ba ni da inda za ki tura."

"To tana wajena har ka sayi waya. Taka ta kanka." Ta juyo masa da madannan kwamfuta. "Sabuwar kalma. Doguwa, kuma ba sunan kowa ba. Kar ka gaya min, kar ka rubuta a takarda."

Ya daɗe yatsunsa suna kan madannan, don sun saba da hanyarsu, da kansu suke neman harafin farko na sunan matarsa. Ya janye su ya rubuta wani abu daban. Kwamfuta ta karɓa. Aka ce shugaba na son ganinsa da ƙarfe biyu, ya je, aka ba shi takardar gargaɗi, ya sa hannu. A baranda ya tarar da matar nan da saƙon ya tona wa asiri zaune ita kaɗai, ta haɗa kai da gwiwa. Ya tsaya ya ce, "Ni ne sanadi, ki yi haƙuri." Ba ta ɗago ba, shi ma bai ga dalilin da zai sa ta ɗago ba.

Da aka tashi bai hau mota a bakin asibiti ba, ya taka zuwa shagon kayan lantarki da ke kwanar titinsu. Mai shagon ya ce, "Fari ko ja?"

"Fari."

Rana ba ta faɗi ba ya isa gida. Yau babu wayar da zai haska da ita, sai ya bar ƙofar kicin a buɗe, ya laluba ya jawo 'yar kujerar da marigayiya take zama a kai in tana yanka albasa. Ya hau, ya kwance mataccen, ya ɗaura sabon, ya sauko ya danna makunni.

Haske ya cika ɗakin. Ga tabaranta na karatu a kan kanta kusa da gwangwanin gishiri, inda masu share gida bayan rasuwa ba su gani ba. Ga tsumman da take kama tukunya da shi a rataye a ƙusa, gefe ɗaya ya ƙone. Wata biyu yana shigowa nan kullum, kafaɗarsa tana gogar tsumman nan.

"Na kawo," ya ce. "Fari ne."

Ya tsaya yana jira, yadda mutum ke jira in ya yi magana a gidansa. Famfo bai ɗiga ba, ba wanda ya motsa a falo. A nan ne abin da ya yi wata biyu yana nema ya same shi. Ya zauna a kan 'yar kujerar, mataccen ƙwan yana hannunsa, ya yi kukan da bai yi ba ranar da ya fito da katinta.