Amsar da Dabo Ya Ba Mista Lukas

Shekara goma sha ɗaya Dabo ya yi yana tuƙa mota a wani ofishin jakadancin Turawa a Riyad, kuma a kan wannan aikin iƙamarsa take, wato takardar zamansa da ta iyalinsa. A shekarar 2012 tattalin arzikin Turai ya shiga wani hali, aka ce a rage ma'aikata. Direbobi biyu ne, ɗaya zai tafi. Tun da Dabo ya ji haka abinci ya daina yi masa daɗi, don 'yarsa Khalida a nan aka haife ta tun kafin ya samu wannan aikin, Larabcinta ya fi Hausarta, saura mata shekara ɗaya ta gama sakandare.

Maigidansa, Mista Lukas, mutum ne mai son rubutu kamar me. An sa shi ya rubuta abin da Turai za ta koya daga Japan, shi ya sa wata Talata suka ɗauko wani dattijo ɗan Japan, Mista Oda, wanda ya tsufa a harkar sayen mai. Dabo na tuƙi, kunnensa na kujerar baya.

"Mu ba mu da mai ko ɗigo," in ji dattijon da Turanci. "Dole ta sa muka koyi haƙuri da kowa, Larabawa da Amurka duka. A gida kuma, in kamfani ya shiga matsi, shugaba ke fara rage nasa. Ba a saurin korar wanda ya daɗe."

"Wannan jan ƙafar ne ya cinye muku shekara goma," Lukas ya amsa, yana rubutu.

Dabo bai riƙe maganar Lukas ba, ta dattijon ya riƙe, ya ji sanyi a ransa.

Da suka sauke baƙon, Lukas ya leƙo gaba. "Dabo, ya gida? Akwai wata damuwa?"

To, ina ɗan mutunci zai zazzage wa maigidansa cikinsa a bakin titi? Babba ai shi ke lura da kansa. Dabo ya ɗan rusuna a kan sitiyari.

"Lafiya lau, ranka ya daɗe. Alhamdulillahi, babu komai."

Shi kuwa ɗaya direban, mutumin Masar, har ofis ya je da takardun makarantar 'ya'yansa da na asibitin matarsa, ya shimfiɗa su a kan tebur. Dabo ya ji labari, ya ji masa kunya.

Bayan mako biyu Lukas ya kira shi, ya miƙa masa ambulan. Bizar fita ce, wadda ba a dawowa.

"Abin da rahotona ya ce ke nan, a yanke da wuri," in ji Baturen, bai iya haɗa ido da shi ba. "Na so in bar wanda ya fi buƙata. Ai na tambaye ka, Dabo. Ka ce babu komai."

Dabo ya sa ambulan ɗin a aljihu. Godiya ma ya yi, abin haushi.

Da la'asar ya isa gida a unguwar Al-Jaradiya. Khalida na zaune a falo, ta baje littattafan jarrabawa. Matarsa Hindatu ta fito daga kicin tana goge hannu.

"Sannu da zuwa, Baban Khalida. Ya aiki?"

"Da godiya," in ji Dabo, ya ƙara tura ambulan ɗin cikin aljihu.